ƘWAYAR KARATU: ME TAKE YI WA LAFIYAYYEN MUTUM?



'Yan uwa masu gida da uwayen gida, darasinmu na yau ya shafi wata ɗabi'a da ta yi ƙarfi a jami'o'in Amurka da Turai, kuma waya tana ta kawo labarinta cikin ɗakunan 'ya'yanmu. Mutum ne lafiyarsa ƙalau, babu likitan da ya ce yana da wata larura, sai ya nemi ƙwayar da aka yi domin marasa lafiya ya haɗiye, wai don ya samu natsuwa, barci ya gudu, karatu ya zauna. Masu shanta ba sa kallon kansu a matsayin 'yan ƙwaya. Da yawansu yara ne masu tsoron faɗuwa jarrabawa, kuma wannan ne ya sa iyaye ba sa saurin ganewa. A daure a karanta har ƙarshe.

*WAƊANNE ƘWAYOYI NE?*

Guda uku ne suka fi suna.

Ta farko Ritalin, wadda sinadarin cikinta ake kira metilfenidet. Akwai irinta mai daɗewa a jiki da ake sayarwa da sunan Concerta. Ta biyu Adderall, wadda haɗin amfetamin ce. Waɗannan biyun likitoci kan rubuta su ga masu larurar ADHD, wato matsalar da ke sa yaro ko babba ya kasa tsayar da hankali wuri guda, ga yawan ƙiriniya da gaggawar aikata abu ba tunani. Ta uku modafinil, wadda ake sayarwa da sunan Provigil. Ita kuma an yi ta ne domin masu ciwon nakolefsi, wato waɗanda barci ke kwashe su da rana tsaka ba shiri, ko da suna cikin magana ko cin abinci.

A fahimta da kyau: ga mai larurar da likita ya tabbatar, waɗannan magunguna rahama ne. Yaron da ya kasa zama a aji yana iya samun sauƙi sosai idan an ba shi a kan ƙa'ida, ana auna nauyinsa da bugun zuciyarsa da hawan jininsa lokaci zuwa lokaci. Wanda likita ya rubuta wa kada ya daina saboda wannan rubutu. Maganarmu a kan lafiyayye ce, wanda ya karɓa a hannun aboki ko ya saya ta intanet.

*DAGA INA SUKA FITO?*

Abin ba sabo ba ne. An fara haɗa amfetamin a Jamus a shekarar 1887. A shekarun 1930 aka fara sayar da shi a Amurka da sunan Benzedrine, a matsayin abin shaƙa na buɗe hanci, sai mutane suka lura yana kore barci. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke, sojojin Jamus sun yi ta shan wata ƙwaya mai suna Pervitin, har an raba musu kimanin miliyan 35 cikin 'yan watanni a 1940, domin su yi kwanaki suna tafiya ba barci. Sojojin Ingila da Amurka ma an ba su Benzedrine. Da jarabar ƙwayar ta bayyana, Jamus ɗin da kanta ta sanya Pervitin ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi a 1941.

Shi kuwa metilfenidet, wani masanin haɗa magunguna mai suna Leandro Panizzon ne ya haɗa shi a 1944 a ƙasar Suwizalan, kuma daga sunan matarsa Rita aka samo sunan Ritalin. Modafinil a Faransa aka samar da shi, Amurka ta amince da shi a 1998.

Saboda haɗarin kamuwa da jarabarsu, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1971 ta sanya amfetamin da metilfenidet cikin magungunan da ake sa wa ido sosai. A Amurka, Adderall da Ritalin suna rukuni ɗaya a doka da mofin da hodar ibilis. To ka ji matsayin abin da yaro ke ɗauka kamar farasitamol.

Duk da haka abin ya bazu cikin masu ilimi. A 2008 mujallar kimiyya ta Nature ta tambayi masu karatunta kimanin 1,400, aka samu kusan mutum ɗaya cikin biyar ya ce ya taɓa shan irin waɗannan ƙwayoyi don ƙarin natsuwa, ba don wata cuta ba.

*ME SUKE YI A ƘWAƘWALWA?*

Allah Ya halicci ƙwaƙwalwa da wasu sinadarai da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da su. Biyu daga ciki su ne dofamin da noradirenalin. Dofamin shi ke sa ka ji sha'awar abu da daɗin cim masa. Noradirenalin kuma shi ke sa ka farka, ka shiga shiri, kamar lokacin da ka ji motsi a tsakar gida da dare. Ritalin na hana jijiyoyi tsotse waɗannan sinadarai bayan sun fito, sai su taru. Adderall ya ƙara da tilasta wa jijiyoyin su zubo da wasu.

Abin lura shi ne, sashen gaban ƙwaƙwalwa, inda ake tunani da tsara al'amura, yana aiki daidai ne idan sinadaran suna tsaka-tsaki. Kamar gishiri ne a miya. Wadda gishirinta ya gaza, in an ƙara sai ta gyaru. Wadda ta riga ta ji gishiri kuwa, duk abin da aka ƙara ɓata ta zai yi. Lafiyayyen mutum miyarsa ta riga ta ji.

*TO SHIN SUNA ƘARA BASIRA?*

A nan ne maganar take. Wanda ya sha zai rantse maka cewa ya ga aiki. Kuma ba ƙarya yake yi ba game da abin da ya ji: barci ya tafi, gajiya ta ɓace, littafin da ke gundurarsa ya koma mai daɗi. Amma jin daɗin karatu daban, fahimtar karatu daban.

A Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka an gwada Adderall a kan lafiyayyun matasa, aka wallafa sakamakon a 2013. An ba su ayyukan ƙwaƙwalwa iri-iri, wani lokaci bayan sun sha maganin gaske, wani lokaci bayan sun sha ƙwayar da ba komai a cikinta, ba tare da sun san wacce ce wacce ba. A dunƙule ba a ga wani ci gaba na a zo a gani ba. Amma su a ransu sun yi imani maganin ya sa sun fi ƙoƙari.

A 2023 kuma masu bincike daga jami'o'in Melbon da Kambirij sun wallafa wani gwaji a mujallar Science Advances. Lafiyayyun mutane 40 aka ba metilfenidet da amfetamin da modafinil a ranaku daban-daban, sannan aka ba su wani lissafi mai sarƙaƙiya: ga jaka mai iyakar nauyin da za ta ɗauka, ga kaya masu nauyi da daraja daban-daban, zaɓi waɗanda za su fi riba. Da suka sha ƙwayar sai suka ƙara himma, suka ƙara ɓata lokaci, suna ta sa wannan suna cire wancan, amma ingancin zaɓinsu ya ragu. Abin mamaki, waɗanda suka fi iya aikin ba tare da ƙwaya ba, su suka fi komawa baya.

Haka nan binciken da ya bi ɗaliban jami'a a Amurka na tsawon lokaci bai ga makin masu shan ƙwayar ba da izinin likita ba ya ɗaga sama da na waɗanda ba sa sha ba.

Akwai kuma asarar da ba a gani. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tace abin da aka karanta da rana ta adana shi a ma'ajiya mai ɗorewa. Duk mahaddacin Alƙur'ani ya san wannan a aikace: shafin da ya ƙi zama da dare, in an kwana an tashi da asuba sai a tarar ya yi laushi. Wanda ya kwana ido biyu da ƙarfin ƙwaya ya ɗebo ruwa ne a kwando.

*FARASHIN DA JIKI KE BIYA*

Ƙwayar ba ta kawo wani ƙarfi daga waje. Na gobe take ranto maka, kuma bashi dole a biya shi.

1. *Zuciya.* Bugunta na ƙaruwa, jini na hawa. Akwai matasa da ke da matsalar zuciya tun haihuwa ba su sani ba. Shi ya sa likita ke tambayar tarihin zuciya a dangi kafin ya rubuta maganin. Abokin da ya miƙo maka a hostel bai tambayi komai ba.

2. *Barci da abinci.* Barci na ƙauracewa, sha'awar abinci na mutuwa, baki na bushewa, jiki na ramewa.

3. *Faɗuwa bayan tashi.* Idan ƙwayar ta sake mutum sai kasala da ƙunci da saurin fushi su rufe shi. Daga nan sai ya nemi wata don ya dawo daidai, ko ya nemi ta barci don ya samu ya runtsa. Haka ake shiga, ƙwaya da safe, ƙwaya da dare.

4. *Taɓin hankali.* Wasu kan fara zargin ana bin su, ko su riƙa jin muryoyi. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2019 ya nuna cewa ko cikin matasan da likita ya rubuta wa maganin a kan ƙa'ida, kimanin ɗaya cikin 660 ya gamu da wannan, kuma amfetamin ya fi metilfenidet jawo shi. Ina ga wanda ke ninka ƙwaya, ga rashin barci na kwana biyu ko uku? A gidajenmu irin wannan sai a ce aljanu ne ko sammu, a yi ta ruƙiyya, alhali abin yana cikin aljihun yaron. Ruƙiyya alheri ce, amma a haɗa da bincike da asibiti.

5. *Jaraba.* Jiki na sabawa, guda ɗaya ta daina isa. A 2023 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta ƙara tsaurara gargaɗin da ke jikin kwalayen waɗannan magunguna, ta ja kunne musamman a kan bai wa wani maganin da ba shi aka rubuta wa ba.

6. *Mata, a kula.* Modafinil na rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, kuma an yi gargaɗi a kan shansa ga mai juna biyu saboda tsoron illa ga jariri. Yakan kuma haifar da wani mugun ƙurji mai saɓule fata, duk da ba kasafai ba. A 2010 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ba da shawarar a taƙaita shi ga masu nakolefsi kaɗai.

7. *Jabu.* Abin da ake saya ta intanet ko a bayan fage ba wanda ya san me ke ciki. A Amurka an sha kama ƙwayoyi masu kamannin Adderall sak, da aka auna sai aka tarar metamfetamin ne, wasu ma da fentanil, gubar da ɗan ƙanƙaninta ke tsayar da numfashi.

*MU FA A NAN GIDA?*

Wani zai ce, ai Malam wannan matsalar Turawa ce, mu ina muka ga Adderall? Gaskiya ne ba ta cika samuwa a kemis ɗin unguwa ba. Sai dai tunanin da ke kai mutum gare ta yana nan cikinmu daram: a sha wani abu don a yi aikin da ya fi ƙarfin jiki. Ɗalibi lokacin WAEC da NECO da JAMB, ko BEPC da BAC a Nijar. Tela a goman ƙarshe na azumi, ga ɗinkin sallah jibge. Direban da zai kwana a hanyar Legas. Lebura da ɗan acaɓa da mai shan gadagi. Har da uwargida mai hidimar biki.

Da yake waɗancan ƙwayoyin na da tsada da wahalar samu, sai a koma wa abin da ke kusa, musamman tiramol. Shi kuwa tiramol ko dangin masu kore barci ba ne. Maganin ciwo ne daga dangin ofiyom, kuma yawansa na jawo farfaɗiya da tsayawar numfashi. Wasu kuma su haɗa lemun ƙarin kuzari gwangwani uku da Nescafé da goro a dare ɗaya. Ga baligi lafiyayye, ma'aunin da masana suka bayar na kafin, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da goro, shi ne kada ya wuce miligiram 400 a yini, kwatankwacin kofi huɗu. Mai ciki kada ta wuce rabin haka. Yara kuma a nisantar da su daga lemun kuzari gaba ɗaya.

Binciken ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, kuma ɗaya cikin huɗunsu mace ce. A wannan shekarar ce gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin. Don haka kada maigida ya ce gidansa ya fi ƙarfin abin.

*ME ADDINI YA CE?*

Neman magani halal ne, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni da shi. Mai larura da ƙwararren likita ya rubuta wa, babu laifi a kansa, kuma kada a tsangwame shi.

Amma lafiyayye, akwai abubuwan da zai auna. Malamai irin su Imamul Gazali da Imamus Shaɗibi sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don kare abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Wannan ɗabi'a tana taɓa rai da hankali da dukiya lokaci guda. A Suratul Baƙara Allah Ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, kuma sananniyar ƙa'ida ce a fiƙihu cewa ba a cutar da kai, ba a cutar da wani. Ƙari a kan haka, samun ƙwayar yawanci sai an bi ta ƙarya: a yi wa likita ƙaryar ciwo, ko a ƙirƙiri takarda, ko a saya a hannun wanda doka ta hana shi sayarwa. Wanda kuma ya raba wa abokai nasa maganin, in wani abu ya faru yana da kamasho a ciki.

Ku duba wannan darasi da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Annabi (SAW) ya shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka gaya masa ta Nana Zainab ce, tana riƙe ta idan ta gaji da sallar dare. Sai ya sa aka kwance, ya koyar da cewa mutum ya yi salla gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya huta. Haka ya umarci mai gyangyaɗi a salla ya je ya yi barci. Ya kuma tuna wa Abdullahi ɗan Amru cewa jikinsa da idonsa suna da haƙƙi a kansa. To idan ba a yarda a tilasta wa jiki ba a kan ibada, wadda don ita aka halicce mu, yaya za a tilasta masa da ƙwaya a kan jarrabawa ko ɗinkin sallah?

Mai son cikakken hukunci a kan halinsa na musamman ya tuntuɓi malamin da ya yarda da iliminsa.

*ALAMOMIN DA IYAYE ZA SU LURA DA SU*

• Kwana biyu ba barci, sannan a kwanta kamar gawa yini guda, har salla na wucewa.
• Barin abinci da ramewa cikin ɗan lokaci.
• Surutu ba tsayawa, rawar hannu, cizon haƙora, yawan gumi.
• Fushi ba dalili da zargin mutanen gida.
• Ƙorafin bugun zuciya ko ciwon ƙirji.
• Fankon ƙwaya a jaka ko aljihu, da yawan neman kuɗi.

Alama ɗaya ba hujja ba ce, kada a yi saurin yanke hukunci. Amma in sun haɗu, a zauna da yaro cikin sirri. Ban da duka, ban da tona asiri gaban ƙannensa, ban da tsinuwa. A tambaye shi me yake sha, tun yaushe, guda nawa. Wanda ya daɗe yana sha kada a ce ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, domin ƙuncin da ke biyo baya na iya kai wasu ga tunanin kashe kansu. A kai shi ga likita. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato da Dawanau ta Kano, akwai kuma sashen a manyan asibitocin koyarwa. Zuwa can ba abin kunya ba ne.

Idan kuwa aka ga ciwon ƙirji mai tsanani, ko suma, ko jijjiga, ko jiki ya yi zafi rau tare da ruɗewa, asibiti kai tsaye, a tafi da kwalin abin da ya sha. Kada a tsaya ɗura masa madara ko manja.

Mu ma iyaye mu binciki kanmu. Yaron da kullum ake gaya masa in ya faɗi kada ya dawo gidan nan, ko ake gwada shi da ɗan maƙwabci, an tura shi neman mafita ko ta halin ƙaƙa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

*ME KE GYARA NATSUWA DA GASKE?*

*A nemo sanadi.* Rashin natsuwa sau da yawa alama ce ta wani abu: ƙarancin jini, musamman ga 'yan mata da masu shayarwa, tsutsar ciki, zazzaɓin cizon sauro da bai warke ba, matsalar ido, ciwon suga, damuwa, ko yunwa kawai. Gwajin jini mai sauƙi na iya warware abin da ƙwaya ba za ta warware ba. In kuma ana zaton ADHD ce, likita ne zai tantance.

*Barci.* Baligi na buƙatar awa 7 zuwa 9, matashi 8 zuwa 10. Sunna ta ƙi hira bayan isha ba da dalili ba. A kwanta da wuri, a yi ƙailula ta kamar minti 20 da rana.

*Sammako.* Annabi (SAW) ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Awa ɗaya bayan asuba ta fi awa uku na tsakar dare da ido a kumbure.

*Waya.* A fitar da ita daga ɗakin karatu ɗungurungum. Kifa ta a gefen littafi bai isa ba.

*Tsarin karatu.* Kaɗan-kaɗan kullum, da maimaici. A rufe littafi a gwada faɗo abin da aka karanta da ka, kamar yadda ake tilawa da muraja'a a makarantun allo da islamiyya. Binciken zamani ya tabbatar wannan hanya ta fi yawan maimaita kallon shafi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

*Abinci da motsa jiki.* A karya kumallo, a sha ruwa sosai, kada a cika ciki dam kafin karatu. Ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, zogale, alayyahu da hanta duk suna taimakon jini da ƙwaƙwalwa. An ruwaito Imamuz Zuhri yana yaba zuma da zabibi ga mai hadda. Abinci ne masu kyau, a ci daidai, mai ciwon suga kuma ya nemi shawarar likita. Amma a guji duk wani haɗi marar rajista da ake tallarsa da sunan maganin buɗe ƙwaƙwalwa, don ba ka san me aka zuba a ciki ba. Tafiyar ƙafa ta minti 30 a rana ma tana wartsake hankali.

*Addu'a da tawakkali.* A yi iya ƙoƙari, a roƙi Allah ilimi mai amfani, a bar maSa sakamako. Jarrabawa in an faɗi ana sake ta baɗi. Hankali in ya taɓu, gyaransa aiki ne ja.

Allah Ya tsare mana hankulanmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a karatun 'ya'yanmu. Amin.

A tura wa iyaye da malaman makaranta da duk mai ɗa a jami'a. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.